Tsatsar Kwabo: Dauɗa Ce Ko Shaida?

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tsafta cikon addini ce, kuma ban taɓa jin mai hankalin da ya yi musun wannan magana ba. Tun muna ƙanana aka hore mu a kan cewa abin da ya yi dauɗa wanke shi ake yi, abin da ya dushe kuwa goge shi ake yi har ya yi ƙyalli. Uwar gida takan dirje tukunyarta da toka, ɗalibi yakan wanke allonsa kafin a rubuta masa sabon karatu. To amma akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so in ajiye ta a gaban mai karatu: shin duk abin da zamani ya bari a jikin abu dauɗa ne? Idan kuwa ba haka ba ne, yaya mutum zai rarrabe abin da ya wajaba ya kankare da abin da kankare shi cin amana ne?

Ba a cikin littafi na tsinci wannan tambaya ba. A cikin wani tsohon gwangwani na tsince ta, a gidanmu da ke unguwar Dala ta birnin Maiduguri. Bayan rasuwar kakata, Allah Ya jiƙanta, an tashi gyaran ɗakinta, sai aka tono gwangwanin a ƙarƙashin daɓen da gadonta yake kai. Tsatsa ta cinye murfinsa, danshin ƙasa ya daɗe da shiga ciki. Da aka zazzage shi sai ga tsofaffin kuɗi waɗanda babu kasuwar da za ta karɓe su a yau. Magada suka duba, suka yi dariya, suka ce a bai wa ɗan boko. Haka gadon nan ya faɗo hannuna ba tare da jayayya ba.

Abin da gwangwanin ya ƙunsa

Kafin in faɗi abin da na aikata, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin gwangwanin, domin ba za a gane girman ɓarna ba sai an san darajar abin da aka ɓata.

Da farko akwai 'yan ƙwayoyin wuri, fararen kokunan nan na dodon-koɗin teku waɗanda ake kwasowa daga tsibiran Maldif da ke Tekun Indiya. A ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki, har ma kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. A Borno kuwa sun makara. Lokacin da Bature ɗan yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso Kukawa a 1851, zamanin Shehu Umar, ya tarar ba a daɗe da shigo da wuri kasuwa ba. Kafin nan da gabaga ake ciniki, wato ƙyallen saƙi na auduga, ana kuma lissafi da ratal, wanda asalinsa ma'aunin jan ƙarfe ne. Wuri 8 ne gabaga guda, gabaga 4 ne ratal guda, wato wuri 32.

Sai kuma liyari guda biyu, manyan kuɗin azurfa masu ɗauke da hoton wata mace mai lulluɓi. Barebari na kiran su gursu, Hausawa kuma kan ce musu dala, don haka sun yi takwara da unguwarmu. Matar da ke jiki ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Nauyin kowane ɗaya giram 28 ne da ɗoriya, kuma kashi 83 cikin ɗari na jikinsa azurfa ce. Wani abin mamaki game da liyari shi ne, tun da sarauniyar ta rasu duk wanda aka buga shekarar 1780 aka rubuta masa, ko a Biyana aka buga shi, ko a Landan, ko a Roma, ko a Bombay, saboda fatake daga Habasha zuwa Tafkin Chadi sun saba da wannan kama, ba su yarda da wata ba. Har yau ɗin nan ana buga shi a Biyana da wannan shekara. Ke nan shekarar da ke jikin liyari ba ta faɗin tsufansa. Abin da ke nuna ya sha hannu shi ne suɗewar da ya yi da baƙin da ya kwanta a lungunan rubutunsa.

Sauran duk kuɗin Turawa ne, wasunsu masu huda a tsakiya. A 1907, shekarar da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, a cikinta aka fara buga kwabo da anini domin Nijeriya, da tauraro mai tsini shida a gefe guda da rubutun Larabci a ɗaya gefen. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, amma bai jure ba, sai aka sauya shi a 1908 da gamin jan ƙarfe da nikel. Akwai kwabon 1936 mai sunan Edwad na Takwas, sarkin Ingilan da ya hau a watan Janairu ya yi murabus a watan Disamba na wannan shekara. A ƙasarsa ba a taɓa kashe kuɗi mai sunansa ba, amma kakata ta sayi daddawa da shi. Akwai sule da sisi da taro. Akwai kuma kwabban tagulla na ƙarshen mulkin mallaka, waɗanda aka yi ta kashewa har zuwan naira da kobo a ranar 1 ga Janairu, 1973.

Waɗannan kuɗi duk sun mutu a kasuwa, amma ba su mutu a bakinmu ba. Har gobe muna cewa wane ba shi da ko sisi, ko kuma ba zan biya ko anini ba. Dattawa na kiran rabin kwabo ɗari, domin a madadin wuri ɗari ya zo. Mutanen Nijar na kiran faran biyar dala. Harshe ma ashe yana da tasa tsatsar, kuma babu wanda ya taɓa cewa a kankare ta.

Aika-aikar da na yi

A cikin kwabban tagullan nan akwai wani da ya fi sauran shan ƙasa. Ya yi kore shar, ya yi kauri, amma idan aka karkata shi wajen haske ana iya hango kambin sarauta da lamba 1 da 9 da 5. Lamba ta huɗu ce kawai ta ɓoye. Na ce a raina wannan ai ƙaramin aiki ne. Na jiƙa tsamiya mai kauri, na matsa lemun tsami, na jefa kwabon ya kwana. Da safe na ɗauko yashi da soso na dirje shi da ƙarfina. Liyari ɗaya kuma na goge shi da toka da Brasso har sai da na ga fuskata a ciki.

Da na ɗauraye kwabon, sai gabana ya faɗi. Koren ya tafi, gaskiya ne, amma ya tafi da kambin, ya tafi da lambobin uku da nake gani jiya. Abin da ya rage a tafin hannuna wani jan faifai ne mai ramuka kamar fuskar da agana ta ci. Ko na Joji na Shida ne na 1952, ko na Ilizabet ne na 1959, babu mai iya faɗa yanzu. Garin neman gira na rasa ido.

A layinmu akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya shafe shekaru yana tara tsofaffin kuɗi a cikin wata akwatin katako. Wurinsa na nufa. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa kwabon da liyarin. Ya ɗora tabarau, ya juya su, ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, wa ya yi wannan aiki?" Na ce, "Ni ne, Baba Malam. So na yi in ga rubutun." Ya ce, "Ai rubutun ka wanke. Ka zaci tsatsar a kan rubutun take, alhali rubutun ne ya koma cikin tsatsar."

Ya yi mini bayani cewa idan tagulla ta daɗe a ƙasa, fatarta ta sama ba ɓacewa take yi ba, rikiɗa take yi. Jan ƙarfen da ke sama yakan haɗu da iska da danshi ya zama wani jan ɓawo, a kansa kuma kore ya kwanta. Zanen da maƙera suka buga yana nan a cikin wannan ɓawo, domin shi ne ainihin fatar kuɗin ta asali. Ƙarfen da ke ƙarƙashi bai taɓa ɗaukar rubutu ba. Tsamin tsamiya da na lemo ba su san bambanci ba, duk abin da suka samu narkar da shi suke yi. Game da liyarin kuwa, ya ce baƙin da na goge haɗuwar azurfa ce da farar wutar da ke cikin iska da gumin mutane, kuma shi ne ke sa haruffa su fito fili. Ya nuna mini ƙananan zane-zanen da toka ta bari a kumatun sarauniyar, ya ce masu tara kuɗi a ko'ina cikin duniya suna karya farashin kuɗin da aka goge, domin an raba shi da abin da ba ya dawowa.

Tsatsa iri uku

Daga wannan rana na ɗauka cewa darasin shi ne kada a taɓa tsohon abu ko kaɗan. Ashe rabin karatun na samu. Ragowar rabin sai a 2024 na same shi, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Wata gwaggona da ke zaune a Gwange ta taso zuwa gidanmu da abin da ta iya tsira da shi. Da ruwa ya janye aka koma kwasar abin da ya saura, a ciki har da wani ƙullin tsumma mai tsofaffin kwabbai na mijinta marigayi, ya sha laka. Bayan 'yan makonni sai na ga wani gari-gari kore mai haske, kamar garin kuka, yana tsirowa a jikin biyu daga ciki. Na kai wa Baba Malam, ina alfahari da cewa wannan karon ban taɓa kome ba. Yana gani ya ce, "Wannan kam in ka bar shi ka kashe shi."

A nan ne ya rarrabe mini abubuwa uku da ido ke yi wa kuɗin goro da sunan tsatsa. Na farko dauɗa ce zalla, wato laka da ƙasa da maiƙo, waɗanda baƙi ne a jikin ƙarfe. Su wanke su ake yi, amma da tataccen ruwa irin wanda ake zuba wa batir, da buroshi mai laushi, da tsinken itace, ba da yashi ko allura ba. Na biyu riga ce, wato ɓawon nan mai santsi da tauri, kore ko ruwan ƙasa, wanda ƙarfe ya saƙa wa kansa a tsawon shekaru. Ita ba ta ƙaruwa, ba ta cin abin da ke ƙarƙashinta, hasali ma kare shi take yi. Na uku cuta ce. Gishiri ne ya shige jikin tagullar ya kwanta. Da zarar ya sami danshi da iska sai ya haifar da asid, asid ɗin ya ci ƙarfe, cin ya sake haifar da gishirin, haka za a yi ta zagaye har kwabon ya zama rariya. Da rani cutar kan yi barci, damina na faɗuwa ta farka. Maganinta shi ne a ware mai cutar daga sauran, a tsince garin da tsinke, a jiƙa shi cikin tataccen ruwa ana sauyawa har makonni, a busar da shi sarai, a ajiye shi inda danshi ba ya kai wa. Idan abin ya yi tsanani, ko kuma kuɗin mai daraja ne, sai a nemi ƙwararru na gidan tarihi, domin suna da magungunan da ke ɗaure gishirin.

Ya ce masana gyaran kayan tarihi suna da ƙa'idoji da suke tafiya a kansu: a yi mafi ƙarancin abin da zai wadatar, kada a yi abin da ba za a iya warwarewa ba, kuma a rubuta duk abin da aka yi domin na baya ya sani. Wannan ya nuna mini cewa mai sakaci da mai garaje duk mabarnata ne. Aikin yana wurin ganewa, kuma ganewa ba ta samuwa sai da haƙuri da tambayar waɗanda suka sani.

Hujjar masu wanki

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin masu ganin a goge suna da hujjoji waɗanda ba na banza ba.

Hujja ta farko ita ce ta mallaka. Mutum zai ce kwabona ne, na gada ko na saya, in na ga dama in goge shi, in na ga dama in kai wa maƙeri ya narkar. Ai matan Shuwa da na Barebari sun daɗe suna rataya liyari a wuya, maƙeran farfaru kuma sun narkar da da yawa sun yi zobba da mundaye, ba a ce sun yi laifi ba. Wannan gaskiya ne, kuma ba zan yi da'awar cewa duniya ta yi asara don na lalata kwabo ɗaya ba, tun da irinsa suna da yawa. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ɗauki azurfa don ya yi ado da wanda ya ce shi mai tara kayan tarihi ne. Na biyun ya ɗora wa kansa alkawari. Abin da ke hannunsa ya riga shi zuwa duniya, kuma zai bar shi a cikinta. Shi mai riƙon ƙwarya ne tsakanin waɗanda suka wuce da waɗanda ba a haifa ba. Shari'a na iya ba shi ikon ɓatawa, amma amana ba ta ba shi ba. Kuma hannun da ya saba da garaje a kan abu mai araha, ranar da mai tsada ya faɗo masa ba zai sauya hali ba.

Hujja ta biyu ita ce ta kyau. Za a ce maƙerin da ya buga kuɗin nan da ƙyalli ya fitar da shi, don haka mai gogewa mayar da shi yake yi yadda mai shi ya nufa. Amsa ita ce, gogewa ba ta mayar da abu jiya. Sabuwar fuska take ƙirƙira wadda ba ta taɓa wanzuwa ba, ba ta maƙeri ba ce, ba kuma ta zamani ba. Manyan masana ma sun faɗa wannan rami. A 1937 da 1938 ma'aikatan Gidan Tarihi na Birtaniya da ke Landan sun kankare sassaƙen duwatsun da aka kwaso daga Atina ta ƙasar Girka, da kayan aiki na jan ƙarfe da dutsen wasa, domin an ɗauka cewa asalinsu farare ne fat. Sun cire fatar da ta shekara fiye da dubu biyu, kuma har yau ana yi musu gorin wannan aiki.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi, domin daga addini take. Malamai sun karantar da mu cewa zuciya tana yin tsatsa kamar yadda ƙarfe ke yi, kuma ambaton Allah da karatun Alƙur'ani ne ke goge ta. Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, ta ambaci yadda ayyukan mutane ke lulluɓe zukatansu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kamanta zuciya da madubi a cikin Ihya'u Ulumiddini, madubin da ba ya nuna gaskiya sai an goge shi. To idan tsatsa abin ƙi ce a zuciya, don me za ta zama abin so a kwabo? A ganina babu saɓani. Tsatsar da malamai ke nufi ita ce iri na uku, mai ci, mai yaɗuwa, mai huda. Amma tuba ba mantuwa ba ce. Sharaɗinta na farko nadama ne, kuma babu mai nadama a kan abin da ya shafe daga tunaninsa. Mai tuba yana cire cutar ne ya bar tabon, domin tabon ne ke hana shi komawa.

Akwai kuma wani laifi da yake kishiyar gogewa, amma uwarsu ɗaya. Wasu 'yan kasuwa kan ɗauki sabon kuɗi su turara shi ko su binne shi don ya yi baƙi, su sayar da shi a matsayin tsoho. Mai kankare tsufa da mai ƙirƙirar tsufa duk algus suke yi, domin kowannensu ya sa abu ya faɗi abin da bai faru ba.

Daga kwabo zuwa tarihi

Da a kan ƙarfe maganar ta tsaya, da ban ɓata wa mai karatu lokaci ba. Abin da ya dame ni shi ne, yadda na yi wa kwabon nan haka muke yi wa tarihinmu.

Mu ɗauki liyari. Idan muna ba da labarin Borno mukan ambaci Mai Idris Alauma, da ilmin Birnin Gazargamu, da wasiƙun da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello, kuma duk abin alfahari ne na gaskiya. Amma Gustav Nachtigal, wanda ya iso Kukawa a 1870, ya bayyana yadda ake jera bayi a kasuwar Litinin ta birnin, ana yi musu farashi da liyari. Haka abin yake a kasuwar Kurmi ta Kano da sauran manyan kasuwanninmu. Mai yiwuwa azurfar da na goge har na ga fuskata a ciki ta taɓa zama kuɗin ɗan wani. A cikin kakanninmu akwai masu saye, akwai waɗanda aka sayar. Mun jiƙa wannan babi a tsamiya, mun dirje shi da yashi, saboda muna son magabata masu ƙyalli. Sakamakon shi ne tarihi mai sulɓi wanda ba shi da fuska, wanda ɗalibi zai haddace don jarrabawa amma ba zai koyi kome daga gare shi ba. A wani ɓangaren kuma ga masu turara asali, waɗanda ke ƙirƙira wa gidansu salsala daga Yaman ko Misira don a ce tsofaffi ne. Ba ina kira a ci mutuncin matattu ba ne. Cewa nake yi girmama su na gaskiya shi ne a bar su da kamanninsu, tun da mutane ne irinmu, masu alheri da kuskure.

Maganar ta fi kusa da mu fiye da haka. Tun daga watan Yuli na 2009 birnin nan ya ga abin da baki ba ya iya faɗa duka. Babu unguwar da ba ta yi rashi ba, babu wadda ba ta sauki 'yan gudun hijira ba. Yaran da aka haifa a wancan lokaci yanzu samari ne da 'yan mata, suna tambaya. Akwai masu cewa a shafe fenti a rufe zancen, abin da ya wuce ya wuce. Akwai kuma waɗanda suka bar abin yana cin su a ɓoye, suna shayar da 'ya'yansu gaba da zargin maƙwabci. Na farkon suna so su kankare riga, na biyun sun rungumi cuta suna kiran ta riga. Gwajin da Baba Malam ya koya mini yana aiki a nan. Idan tunawa ta tsaya inda take, tana kare mai ita daga maimaita kuskure, tana riƙe da sunayen waɗanda aka rasa, to riga ce, kada a taɓa ta. Idan kuwa kullum ƙaruwa take yi, tana farkawa da kowace damina, tana huda zuciyar mai ita, to cuta ce, kuma barin ta ba biyayya ba ce ga matattu. Ita ma ba da yashi ake cire ta ba. Da tsinke ake bi, a hankali, da gaskiya da adalci da tsawon lokaci.

Kammalawa

A taƙaice, tambayar da na buɗe da ita ba ta amsuwa da i ko a'a. Abin da zamani ya bari a jikin abu wani dauɗa ne, wani shaida ne, wani kuma ciwo ne, kuma dukkansu suna iya zuwa da launi ɗaya. Wajibin wanda aka damƙa wa tsohon abu, kwabo ne ko labarin gidansu ko tarihin garinsu, shi ne ya zauna ya duba kafin ya miƙa hannu, ya tambayi na gaba da shi, ya kuma tuna cewa abin da bai kankare yau ba yana iya kankarewa gobe, amma wanda ya kankare ya tafi ke nan.

Kwabban gwaggona biyu sun tsira, da 'yan ramuka a jikinsu. Nawa kuwa na so in jefar da shi don kunya, sai Baba Malam ya hana ni. Ya ce, "Ajiye shi, ɗana. Zanen yashin nan naka ma yanzu ya shiga tarihinsa. Ka rubuta a takarda cewa kai ka yi, ka naɗe shi da ita." Haka na yi. Yana nan a saman sauran, shi nake fara cin karo da shi duk lokacin da na buɗe akwatin.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.